Ruwan Zafin da Ban Ji Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Rifkatu. Ba zan ja ku da nisa ba, tsayuwar ma wahala take ba ni.

Ɗinki nake yi a shagon wata Hajiya a Ƙofar Kuyambana. Kullum ina auna ƙugun 'yan mata, in koma gida in tsani nawa. Wata kwastoma ta ce a Abuja ana zuƙe kitsen tumbi da ɗan bututu, nan da nan a warke. Ban nemi shawarar kowa ba. Na ce wa Mama sarin yadi zan je, na tafi Abuja aka zuƙe mini.

Na dawo ciki a kumbure. Don kada Mama ta gani, na sauka gidan Hajiya, na ce aikin afendis aka yi mini. Ta duba ta ce, "Ke Rifkatu, ai jini ne ya kwanta. Zo in gasa miki, haka muke wa masu jego."

Ta tafasa ruwa, ta tsoma tawul tana dannawa.

"Da zafi?"

Na ce, "Ko kaɗan, Hajiya, ƙara."

"Iye! Kin fi uwar tagwaye jarumta."

Ashe tiyatar ta kashe mini jin fata. Ina dahuwa ban sani ba!

Fatar ta yi baƙi, ta fara wari, ga zazzaɓi. Hajiya ta kira Mama tana kuka, suka kai ni asibiti. Wanda ya yi mini aikin kuwa ya daina ɗaga waya. Kowace safiya sai an ƙara yanke ruɓaɓɓen nama. Likita ya ce idan ruɓar ta shiga jini, shi ke nan.

Wayyo! Ni dai mutuwa nake so. Mama ta ce mu yi addu'a, na ce ta ƙyale ni. Ta ƙi sakin hannuna. Sai na ce, "Yesu, na gaji. Ko ka ɗauke ni, ko ka tsayar da abin nan."

Da aka sake buɗe ciwon, likita ya ce, "Nama ya fara ja. Yau ba yanka."

Kada ku tafa tukuna. Ban warke ba. An yanko fatar cinyata an liƙa a tumbina, ba na iya zama kan keken ɗinki, wasu ranakun har yanzu ba na son gari ya waye. Amma ruɓar ta tsaya, na gode wa Ubangiji.

Wadda take shirin zuwa a zuƙe mata tumbi, ta same ni bayan sujada in ɗaga mata riga. Sauran kuma ku riƙe Yesu, ko da faɗa ne. Ni da faɗa na kira shi, ya kuma amsa.