Hannun da Eckbert Rautenfeld Ya Ƙi Ɗagawa

Mai girma shugaban majalisar jiha, magajin gari, fasto, Uwargida Irmtraud matar marigayi Eckbert da yaransu Jorinde da Tilman, mutanen Wendrode duk inda aka watsa ku, ina gaishe ku. Ni ce Hedda Kolbrink, mai gidan burodi a garinmu da ya koma ramin kwal.

Shekara goma sha tara ke nan da kamfanin kwal ya aiko mana takardar tashi. Mu shida muka shiga ofishin lauya Eckbert da takalman gona. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Hedda, wanda ya rubuta wannan ya ɗauka ba ku iya karatu ba. Ku zauna, shari'a za mu yi." Sau biyu ya kayar da kamfanin a kotu.

Ya kasance mai taurin kai, Irmtraud, kin fi mu sani. Da ya ji za a canja dokar don a tashe mu, sai ya rufe ofis ya tsaya takara. Mu muka bi gida-gida cikin sanyi har ya shiga majalisa.

Ya kasance shi kaɗai ya ƙi amincewa ranar ƙuri'ar canja dokar. Wani jigo a jam'iyyarsa ya ja shi gefe ya ce, "Haba Eckbert, kan ƙauyen mutum ɗari huɗu? Ɗaga hannu kamar kowa, kujerar minista na jiranka." Ya ce, "Hannun nan na riga na ba mutanen Wendrode a ƙofar coci, ba ni da wani." Sai suka cire sunansa daga takara, suka gaya wa jaridu wai kansa ya fara juyewa.

Ranar da aka ture cocinmu yana tsaye cikinmu. Ya ce mini, "Na gaza muku." Shekara tara yana maimaita wannan magana, har zuciyarsa ta tsaya.

Shugabannin da ke layin gaba, na ga furanninku, sun fi na kowa girma. Wata bakwai yana kwance, ko ɗayanku bai leƙo ba.

Irmtraud, Jorinde, Tilman, ku ji daga bakinmu: bai gaza ba. Amanarsa aka ci.

Mun gode wa duk wanda ya zo don Allah. Ubangiji ya ba bawansa hutu, ya riƙe iyalinsa. Masu zama a layin gaba kuma, ya ba su tsawon rai da rashin mantuwa. Amin.