Umarni ga Direban Gireda

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne shugaban ƙaramar hukuma, ga kansilolina a gefe. Ina umartar direban giredar da ke fasa titi a gonakin Unguwar Tsamiya ya kashe inji yanzu. Jiya ya iso gonar Baba Sale, gero kuwa ya kusa girbi. Dattijon ya tsaya gaban giredar, ya ce wa direban, "Yaro, sai dai ka bi ta kaina."

To Malam, gaskiya ni ba ciyaman ba ne, Ɗanliti ne, autan Baba Sale. Na je ofishin ƙaramar hukuma, mai gadi ya kore ni. Wa kuma zan gani? Direba, in kana saurare, don Allah ka yi kamar ba ka ji ƙarshen nan ba.