Wanda Ya Mayar da Goshina Ƙasa

Malam liman, dattawanmu, Hajiya mahaifiyar marigayi, uwargidansa da 'ya'yansa, 'yan'uwa da abokan arziki, assalamu alaikum.

Ni direban bas ne, jawabi ba sana'ata ba ce. 'Yan ajinmu na motsa jiki ne suka turo ni, wai na fi kowa daɗewa a hannun Koci, kuma na fi kowa ba shi wahala.

Shekara ashirin da shida ina kan sitiyari, har gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa, salla ma sai a kan kujera. Ranar da 'yata ta ja ni ɗakin atisayensa da ke saman shagon kafinta, na isa ƙofa ina haki, na dafa tumbina na ce, "Koci, ga lodin da na kawo a sauke."

Ya ce, "Baba direba, ƙyale tumbin nan, bai yi mana laifi ba. Me kake so ka iya yi, wanda yanzu ya gagare ka?"

Ba a taɓa yi min wannan tambayar ba. Na ce, "So nake goshina ya taɓa ƙasa."

Kujera ya turo min: zauna, tashi, zauna, tashi. Na ce in dai zama ne, ai na ƙware. Ya ce, "Tashin ne ba ka da shi." Daga kujera muka koma benci, daga benci zuwa tabarma. Wata bakwai. Ranar da na yi sujada na daɗe ban ɗago ba, har na kusa da ni ya taɓa ni, ya zaci faɗuwa na yi. Kuka nake. Tumbin kuwa kuna gani, yana nan daram.

Ya kasance bai ajiye sikeli ko madubi a ɗakin nan ba. Ya kasance ba ya auna ƙugun kowa, sai ya tambayi aikinka. Wata nas a cikinmu ta koyi juya majinyaci ba tare da bayanta ya riƙe ba. Kakarmu a aji, mai shekara saba'in, yau da kanta take cicciɓar jikarta. Da yawanmu mun je muna jin kunyar jikinmu, ya sasanta mu da shi.

Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti, na tarar ya rame. Bakina ya suɓuce na ce, "Koci, jikin nan ya ci amanarka."

Ya ce, "Kada ka zage shi, Baba. Shekara arba'in da tara yana ɗauke da ni. Yau ma da hannun nan na sha ruwa da kaina."

Hajiya, kin haifa, kuma mun amfana. Uwargida, safiyoyin da ya ba mu daga rabonki aka yanka, ba ki taɓa ɗaure mana fuska ba. Mun gode. Ku kuma 'ya'yansa, duk wanda kuka gani a layin nan tsaye, kawunku ne ko gwaggonku; ku ƙwanƙwasa ƙofa kawai.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Koci, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah, duk sujadar da na yi daga yau har in koma gare Ka, Ka ba shi ladan irinta. Amin.