An Saya wa Makafi Kwamfuta Mai Kyan Hoto

"Ba za a sayi ko igiyar caji ɗaya ba sai waɗanda za su yi aiki da kayan sun taɓa da hannunsu, sun saurara da kunnensu, sun ce sun yarda. Alkawari ne na ɗauka, ku riƙe ni da shi."

Wannan ba maganata ba ce. Maganar Shugaban Kwamitin Sayayya ce, a cikin wannan zaure, bara war haka, ranar da aka sanar cewa masu tallafa mana sun amince a saya wa ajin ƙarshe kwamfutocin jarrabawa. Ban ƙara harafi ba, ban rage ba, domin mu makafi ba ma dogara da takardar sakatare. Ɗalibai shida ne suka naɗi muryarsa a wayoyinsu, har da tarin da ya yi a tsakiya. Ya ce a riƙe shi. To, yau na zo riƙo.

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, mai girma shugabar makaranta, 'yan hukumar gudanarwa, wakilan masu tallafa mana, malamai abokan aikina, iyaye maza da iyaye mata da suka baro sana'o'insu suka zo, ɗalibaina da ke jere a kujerun baya da sandunansu, da kuma shi kansa Shugaban Kwamitin Sayayya, wanda an ce mini bai iso ba, amma tun ɗazu nake jin ƙarar makullan motarsa a layi na biyu daga dama: ina gaishe ku baki ɗaya. Yallaɓai, barka da zuwa.

Ina godiya da aka ba ni minti goma. Ina godiya ga waɗanda suka ba da tallafi da zuciya ɗaya, babu abin da zan faɗa a nan da ya shafe su. Ina godiya ta musamman ga mai gyaran kwamfuta na bakin ƙofar makaranta, wanda ya rufe shagonsa yini guda ya zauna a ajina ya zama idona.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce malamar kwamfuta ta wannan makaranta. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, shekara talatin rabona da ganin hasken rana. Ɗalibaina goma sha biyu za su zauna jarrabawar ƙarshe nan da mako biyar, kuma a karon farko an yarda su rubuta da hannunsu a kan kwamfuta, manhaja tana karanta musu tambaya da murya, tana maimaita musu abin da suka rubuta. Awa uku ce jarrabawar, da ƙarin awa ɗaya da rabi da doka ta ba mu. Awa huɗu da rabi ke nan. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Mako uku da suka wuce aka shigo mana da kwalaye goma sha biyu. Ba wanda ya taɓa kafin a saya, ba wanda ya saurara, ba wanda ya ce ya yarda. Da na je ofis na tambaya, sai aka haɗa ni da wani da ake kira Injiniya, wanda ya ba kwamiti shawara. Ya shimfiɗa wata babbar takarda a kan tebur, na ji ƙararta, ya ce, "Malama, duba nan ki gani." Na ce, "Ina dubawa, Injiniya, ci gaba." Bai ma ji kunya ba. Ya ce furosesan da ke cikin wannan kwamfuta, wato ƙwaƙwalwarta, ya fi kowanne maki a gwajin gudu. Ya ce tana da wani sashe na daban da ba ya aikin komai sai zana hoto. Ya ce idan mota tana gudu a fuskarta har ƙurar taya za ka ƙirga. Ya ce madannanta suna da fitilu kala bakwai masu canzawa. Na ce, "Kala bakwai? Kai, Allah ya saka da alheri. Wanne ne ya fi daɗin ji?"

Tunda ba a yi gwajin da aka yi alkawari ba, sai na yi shi da kaina. Ranar Litinin na jera kwamfuta uku a kan teburin ajina. Ta farko tsohuwarmu ce, wadda muke fama da ita shekara takwas, ɗalibai suna ce mata Kaka. Ta biyu wadda kwamiti ya saya, wadda tun ranar farko ɗalibai suka raɗa mata Mai Huci. Ta uku mai gyara ne ya aro mana, ƙarama, marar nauyi, furosesanta irin wanda aka ƙera don ya yi aiki da wuta kaɗan. Ita ba su sa mata suna ba, sun ce ba ta yi abin da za a tsokane ta ba. Muka cika su da caji, muka zare igiya da ƙarfe takwas daidai, muka kashe hasken fuskarsu tunda ba mu da abin yi da shi, muka sa ɗalibai uku suna amsa tambayoyin bara. Mai gyara yana kallo, agogona mai magana yana ƙirga.

Na farko, gudu. Ba na raina gudu, kada a fita a ce Malama ta ce a sayi mafi araha. Mai ido idan kwamfuta ta yi jinkiri yana ganin abin da take ciki. Makaho kuwa idan ya danna harafi murya ba ta fito ba, bai sani ba ko ya danna, ko bai danna ba, ko ya danna na kusa da shi. Kaka haka take. Ka danna, ta yi tunani, ta tuna zamanin da, sannan ta amsa. Wannan ba ta shiga ɗakin jarrabawa. Amma tsakanin Mai Huci da ƙaramar nan, na sa ɗalibai tara sun gwada ɗaya bayan ɗaya da abin sauraro a kunne, ba a gaya musu wacce ce wacce ba. Ko mutum ɗaya bai ce muryar wannan ta riga ta waccan fitowa ba. Makin da Injiniya yake taƙama da shi gaskiya ne, na karanta yadda ake auna shi. Ana auna shi ne da aikin masu haɗa fim da masu zanen gine-gine. Mu kuwa rubutu muke yi da sauraro. An ɗauko motar dakon siminti an ce ta kai yaro makaranta, ana kuma jira mu yi tafi saboda girman tayoyinta.

Na biyu, hoto. A nan, jama'a, dole in yi adalci: Mai Huci ta ci. An ce mini hotonta yana da kyau ƙwarai. Mai gyara ya rantse bai taɓa ganin irinsa ba. Ina taya kwamiti murna, ina taya Injiniya murna, ina taya duk wanda zai leƙo ta taga ya kalla murna. Sai dai wannan sashe mai zana hoto ba a zaune yake kyauta ba. Yana cin wuta, yana ɗaukar zafi, zafin kuma sai an kore shi da fanka biyu. Minti goma sha biyar da kunnawa fankokin suka tashi. Ku da kuke da ido, hayaniya takura ce kawai a wurinku. Mu kunne shi ne allonmu, shi ne takardarmu, shi ne alƙalaminmu. Ku ɗauka an zaunar da ɗanku jarrabawa an ce wani ya tsaya yana kaɗa masa takardar tambaya a gaban fuska har a tashi. Wannan guda ɗaya ke nan. Ranar Talata na kunna goma sha biyun a ɗaki ɗaya. Wani ɗalibina, magidanci mai 'ya'ya huɗu, direba ne kafin ciwon sukari ya tafi da idonsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in ɗaura bel ne? Na ji kamar za mu tashi sama."

Na uku, batir, kuma a nan ne dariya take ƙarewa. Kaka ta yi minti arba'in ta kwanta, ba mu yi mamaki ba, ta yi nata zamanin. Wadda ke kan Mai Huci ɗalibata ce da kowa ya sani da Lauya, saboda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, kuma aikin da take so ke nan. Tana tsakiyar tambaya ta uku sai ta ɗaga hannu daga madannai ta ce, "Malama, ta rasu." Na ce, "Ya aka yi kika sani?" Ta ce, "Na fara jin kukan tsuntsaye." Na taɓa agogo: ƙarfe tara da minti hamsin. Awa ɗaya da minti hamsin, a jarrabawar awa huɗu da rabi. Ƙaramar nan kuwa har aka tashi ƙarfe uku tana magana, mai gyara ya duba ya ce saura kashi ɗaya cikin uku na cajinta. Mu muka gaji, ita ba ta gaji ba.

Na kai wa Yallaɓai wannan sakamako har ofishinsa. Ya ce, "Haba Malama, abu mai sauƙi. A jona su da wuta mana." Yallaɓai, ka taɓa shiga ɗakin jarrabawar nan? Soket biyu ne, duka a bangon gaba. Kana nufin a shimfiɗa igiya goma sha biyu a ƙasa, a ɗakin da mutum goma sha biyu suke tafiya da sanda? Dokar farko da muke koya wa sabon ma'aikaci a makarantar nan ita ce kada ya bar komai a kan hanya, ko bokiti, ko kujera, balle igiya. Mai shara ta san wannan. Mai gadi ya san wannan. A ce ma an jona, wa zai sa hannu cewa ba za a ɗauke wuta ba tsawon awa huɗu da rabi? Kai ne? Mun ji yadda alkawarinka yake ƙarewa.

Bari in gaya muku abin da zai faru idan kwamfuta ta mutu a ɗakin nan. Doka ta ce a koma tsohon tsari: a kawo wani ya zauna kusa da ɗalibi, ɗalibi yana faɗa, shi yana rubutawa. Lauya ta zauna wannan jarrabawa bara a haka. Wanda aka ba ta mutumin kirki ne, mai tausayi. Tausayin ne ya kayar da ita. Ya ga jimlolinta sun yi tsawo, ya riƙa gajarta mata su don kada ta wahala, ya zubar da rabin hujjojinta a hanya. Maki huɗu ya hana ta wucewa. Ta dawo ta zauna shekara guda cur tana koyon madannai, har ta kai tana rubutu da sauri fiye da sakataren ofishinka, Yallaɓai. Babarta tana nan, ga ta can a baya, ita take rako ta kullum ta koma ta buɗe shagon ɗinkinta a makare. Abin da yarinyar nan take nema bai taka kara ya karya ba. So take idan ta faɗi ya zama ita ta faɗi, idan ta ci ya zama ita ta ci.

Ban ce an ci amana ba, ban zo da zargin da ba ni da shaidarsa ba. Abin da nake da shaidarsa ya ishe ni. An zauna a ofis mai sanyi, an kalli takarda mai dogayen layuka, an zaɓi layin da ya fi tsawo. Ajina taku arba'in ne daga wannan ofis, na ƙirga, kullum ina ƙirgawa. Ba a yi takun nan arba'in ba. Ba mugunta ba ce, na sani. Raini ne, irin rainin da yake zuwa da murmushi da kyauta a hannu, wanda yake ganin makaho ko me aka miƙa masa sai ya ce an gode.

Yanzu ga abin da ya rage. Na kira shagon da aka sayi kayan. Sun ce suna karɓar canji har ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe sha biyu na rana, kuma suna da irin ƙaramar nan guda goma sha biyu a ajiye, ba sai an ƙara musu komai ba. Takardar canjin tana kan teburinka tun shekaranjiya, Yallaɓai, a ƙarƙashin abin danne takardu, ni na ajiye ta da hannuna. Sa hannu ɗaya take jira. Na ba ka zuwa ranar Laraba, ƙarfe sha biyu.

Idan Laraba ta wuce ba ka sa ba, ba zan yi kuka ba, ba zan rubuta ƙorafi a jefa a kwando ba. Ranar Asabar ce za a yi taron miƙa kayan a gaban masu tallafi, an ce in shirya ɗalibai su zauna a gaban kwamfutoci a ɗauki hoto. Ɗalibaina ba za su zauna ba. Ni zan zauna. Zan ɗora Mai Huci a kan babban tebur, in zare igiyarta a gaban kowa, in sa ta karanta alkawarinka da muryarta, ta kai ƙarshe ta sake daga farko, har sai ta mutu. Na auna, sau huɗu take karanta shi a minti ɗaya. Sau ɗari huɗu da arba'in ke nan za ka ji kanka kana cewa a riƙe ka, idan fankokin sun bari an ji. Ka kwantar da hankalinka, ba za a daɗe ba. Ko awa biyu ba za ta kai ba.

Allah ya saka wa waɗanda suka ba da tallafi da mafificin alheri. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa abin da hannunsu ya rubuta shi za a karanta. Allah ya ƙara wa iyayensu haƙuri da lafiya. Allah ya ba masu ido ikon saurare. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma nuna mana Laraba.

Na gode.