Kanumfari a Bakin Baba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rahila. Ku yi haƙuri, karantawa zan yi, don in na ɗaga kai na ga idanunku maganar za ta gudu. Baba ya ba ni izinin faɗin komai.

Ranar da ni da Mama muka sauka Doha, abin da na fara lura da shi ƙanshin kanumfari ne. Baba ya rungume ni a filin jirgi, na ji shi a bakinsa. A Gombe ban taɓa ganin yana tauna kanumfari ba. Na ɗauka haƙori ke masa ciwo.

Ashe warin giya yake rufewa.

Ba mu daɗe da zuwa ba korona ta rufe ko'ina. Makaranta ta koma cikin waya, sujada ma haka. Ina zaune a falonmu a unguwar Matar Ƙadim, ina ganin komai. Na ga baƙar ledar da Baba ke turawa bayan buhun shinkafa. Na ga kofin shayin da ba ya tururi. Ana wa'azi a waya, sai ya kashe kyamara, ya kurɓa, ya ce Amin.

Kun san a ƙasar nan ba kowa ke sayen giya ba sai mai katin izini, kuma a cikin mutanenmu Baba ne mai shi. Da aka sassauta kulle, sai gidanmu ya zama mashaya. Kowace Alhamis da yamma maza su cika falo, wai taron 'yan gida. Kawu Bitrus, abokin Baba tun suna yara, shi ke fara sallama.

"Rahila kurma! Yalla, kawo mana ƙanƙara."

Kurma yake ce mini don ba na iya magana a gaban mutane. Sai in kawo. Gari ya waye Juma'a, ranar sujadarmu, mu haɗu da su a nan coci, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata, kowa yana tauna kanumfari. Kai! Abin ya yi ta cina a rai. In Mama ta yi magana, Baba ya ce, "Mutum ya wuni cikin wannan rana kamar jaki, ɗan abin jiƙa maƙoshi ma sai an yi shari'a?"

Sai na lura Baba ya daina cin yaji. Mutumin da ke zuba barkono har a kan ƙwai! Yana tauna abinci ta gefe ɗaya. Na gaya wa Mama, ta tilasta masa ya buɗe baki. Farin tabo ne a gefen harshensa, ya ƙi warkewa.

A asibiti suka yanki ɗan nama don gwaji. Kwanakin jiran nan ban ji daɗin ko ruwa ba. Likita ta ce ba ciwon daji ba ne tukuna, amma irin tabon da yakan juya ne. Ta ce giya tana ƙara haɗarin ciwon daji a baki da maƙogwaro da hanta, kuma ba sai mutum ya kai ga faɗuwa a kwata ba. Aka cire tabon. Baba ya tsorata, ya daina sha. Falonmu ya huta.

Amma katin yana nan cikin aljihunsa.

Da gasar kofin duniya ta zo, ranar da Ghana za ta buga, sai ga Kawu Bitrus da tuta a wuya.

"Duniya ta zo har ƙofar gida, mu zauna da shayi?"

Mama ta ce, "Najeriya ma ba ta zo ba, bikin me kuke yi?"

"Ghana ai 'yan'uwa ne, Maman Rahila." Ya juya ga Baba. "Likitoci da tsoratarwa! Kakanmu ya sha burkutu har haƙora suka zube. To, kai kada ka sha, saya mana kawai."

Saya mana kawai! Na san kwalba ba ta shiga gidanmu ta bar Baba. Na ga ya ɗauki makullin mota, ya shafa aljihu.

Na shiga ɗaki na durƙusa. Ba addu'a mai kyau na yi ba, ihu na yi. Na ce, "Yesu, na gaji! Na gaji da kawo ƙanƙara! Na gaji da kanumfari! In ba ka tare Baba ba, wa zai tare shi? Ba na so a yanke wa babana harshe!"

Ban san murya ta fita ba. Da na buɗe ido, Baba yana tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya ce, "Tunda aka haife ki ban taɓa jin muryarki haka ba."

Ya karɓi almakashin ɗinkin Mama, ya datse katin gida biyu a gaban kowa. Kawu ya riƙe baki. "Khalas, shi ke nan, ka kashe mu!" Da zoɓo muka kalli wasan.

Halleluya! Baba yana komawa asibiti ana duba shi, tabon bai dawo ba. Ya koma cin yajinsa. Na gode wa Ubangiji da ya ji kukan yarinyar da ake kira kurma. Ku dogara gare shi, yana ji, ko addu'ar ba ta da tsari.

Sai dai har yanzu raina bai kwanta ba. Makon jiya a bakin ƙofar nan na ji ana raɗa wa Baba cewa kati ai ana sake yin sabo.

Kawu Bitrus, na san kana can baya kusa da taga. Ka zo gidanmu ranar Alhamis, Mama za ta yi zoɓo, ni zan kawo ƙanƙara da hannuna. Amma don Allah kada ka ƙara yi wa babana maganar kati. Kuma ka je likita ta duba maka baki. Na lura kai ma ka daina cin yaji.