Makahon da Aka Manta a Kogo

Duk marubucin da ya tara mutane a littafi ya kasa kula da su azzalumi ne. Na ga ɗaya a tashar mota, direba ya gane shi da hotonsa na bayan littafi.

"Malam, kai ka rubuta labarin yaƙin aljanu?"

"Ni ne," in ji marubucin, yana gyara wuyan riga.

"Ina makaho mai sandar wuta? Ka shigar da shi kogo tun babi na biyu, har littafin ya ƙare bai fito ba."

"Jarumai arba'in fa, ɗan'uwa. Dole a manta da wani."

"Wa ya aike ka? Ni iya kujeruna nake ɗauka, kuma kowa sai na kai shi inda za shi."

"Labarin aljanu sai da jama'a."

"Mahaifiyata nake karanta wa. Ita ma ba ta gani. Kullum sai ta tambaye ni ko ya fito."

"Ka ce mata ya fito mana."

Direban ya sauke masa jakarsa ƙasa.

"Jira ni a nan, Malam. Yanzu zan dawo."

Ita ce motar ƙarshe a ranar. A kan benci marubucin ya kwana.