Dokar da Yamunabai Ta Samo Mana

Mai girma wakilin majalisar birnin Bombay, shugabannin ƙungiyarmu, Malam Wadekar wanda masu masaƙa suka turo ya zauna mana a kujerar gaba, iyalan Yamunabai Shinde, 'yan uwana mata na sashen naɗin zare, ina yi mana gaisuwar rashi.

Yamunabai ta kasance mace mai baki, kowa ya sani. Ranar da na fara aiki ta dube ni ta ce hannuna kamar na mai tuƙa tuwo, sannan ta raba gurasarta biyu ta miƙo mini rabi.

Ta kasance ita ce ta karɓi haihuwar abokiyar aikinmu Gangu a bayan buhunan auduga, domin a lokacin wadda ta tafi gida haihuwa ta bar aiki ke nan. Tun daga ranar ba ta zauna ba. Ofis-ofis ta bi da ƙafa, 'yan boko na toshe hanci, har aka yi dokar da ta ce a bai wa mai ciki hutu, kuma a biya ta. Mun yi rawa a titi, mun zuba mata furanni a wuya. Wasu a nan sun ci moriyar dokar, ba na musu.

To, amma masu masaƙa sun fi mu iya karatu. Dokar ba ta hana korar mace kafin lokacin hutun ya zo ba. Da ciki ya fito sai a ce aikinki ya yi sanyi. Muka koma ɗaure ciki da zane, tamau, a cikin zafin injin. Ko da can ba mu yi wannan ba, wallahi abin na ci mini rai.

Shevanta, 'yata, kin ba ni izini, zan faɗa. Mahaifiyarki Yamunabai tana kwance tana fama da tarin da ƙurar auduga ta sa mata, amma da hannunta take ɗaure miki ciki kowace safiya, saboda aikinki ne ke ciyar da gidan. Na shiga na same ku. Ta kau da kai ta ce:

"Yaya, kar ki kalle ni. Ni na samo dokar, ga ni ina ɓoye jikana kamar kayan sata."

Yau Shevanta ta zo ba ɗauri. Tashi, 'yata. Malam Wadekar, ka daina duban agogo, ka dube ta, wata bakwai ne. Gobe za ta zo ƙofar masaƙa haka, mu kuma muna bayanta. Mun san abin da kuka saba yi, ba mu zo da wani dogon buri ba.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Ubangiji ya ba Yamunabai hutun da ba ta samu a nan ba, ya bai wa iyalinta haƙuri. Ya sauki Shevanta lafiya, ko da aikin ko babu.